Haruffa Biyu a Kan Tikiti: Dokar Amurka da Ke Bin Masu Bincike Har Garwa

Babu jirgin fasinja na wani kamfanin Amurka da ke sauka a Garwa. Babu mai sauka a Marwa ko Ngaundare, kai har Yawunde da Duwala ma ba sa ganin ko ɗaya. Amma malamin jami'a ko likitan dabbobi da ke aiki a arewacin Kamaru da kuɗin binciken da ya fito daga baitulmalin Amurka, tilas ne ya san wata doka da aka kafa don kare waɗannan kamfanoni da bai taɓa ganin jiragensu a samaniyar garinsu ba. In bai san ta ba, zai je taro ya dawo, ya miƙa rasit, a ce masa kuɗin jirgi ya hau kansa.

Sunan dokar Fly America Act. Majalisar dokokin Amurka ta zartar da ita a 1974, daidai lokacin da tsadar mai ta 1973 ta jigata kamfanonin jiragen ƙasar, musamman Pan Am wanda a zamaninsa yake zuwa Dakar da Monrobiya da Legas. Abin da ta ce a taƙaice shi ne, duk tafiyar jirgin sama zuwa ƙasar waje da gwamnatin Amurka za ta biya, a yi ta a jirgin kamfanin Amurka muddin akwai shi a hanyar. Ba ruwanta da ƙasar matafiyi. Ba'amurke ne ko Bafulatanin Garwa, ma'aikacin gwamnati ne ko ɗalibin digiri na uku, da zarar an ce kuɗin na gwamnatin Amurka ne to dokar ta hau shi. Pan Am ya durƙushe a Disamba 1991. Dokar da aka yi don ta tallafe shi tana nan daram.

Mai karatu zai iya tambaya, mutum nawa ne ma a Garwa wannan ya shafa? Ba su da yawa, amma su ne waɗanda ilimin yankin ya rataya a wuyansu. A Garwa ne makarantar horar da jami'an gandun daji take, wadda aka buɗe a 1970 domin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, kuma ta sha samun tallafi daga hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka. A Bokle, bayan gari, akwai LANAVET, cibiyar ƙasa mai yin allurar rigakafin dabbobi da gwajin cututtukansu. Akwai reshen Cibiyar Pasteur, akwai tashoshin binciken noma na IRAD, ga Jami'ar Ngaundare, ga ta Marwa da aka kafa a 2008, ga ta Garwa kanta wadda ta zo a 2022. Tun 2017 shirin shugaban Amurka na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ya shigar da Kamaru cikin jerinsa, kuma jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa ya sa a gaba, inda ake raba wa yara maganin rigakafi da damina. A fadamar Logon kuwa, Mark Moritz na Jami'ar Jihar Ohio ya shafe shekaru yana nazarin yadda makiyaya ke raba wuraren kiwo a tsakaninsu ba tare da wani sarki ya yanka wa kowa ba, shi da abokan aikinsa na cibiyar CARPA da ke Marwa, da tallafin hukumar kimiyya ta Amurka, NSF. Duk takardar tallafi irin wannan, in ka bi ta a hankali, za ka tarar da sakin layi kan jirgin da aka yarda a hau. Galibi yana can ciki, da Turanci, a yankin da aikin ofis da Faransanci ake yin sa, ciniki kuma da Fulatanci da Hausa.

A ce ga wata malama, masaniyar sauro, an karɓi takardarta a wani taro a Washington. Jami'ar Amurka da suke aiki tare ta rubuto cewa ta sayi tikiti, za a mayar mata. Kafin komai sai ta je Yawunde neman biza, domin can ofishin jakadancin yake, ta biya dala 185, ta dawo gida ta jira ranar tafiya. Sannan ta shiga shagon mai sayar da tikiti a cikin gari. Ya juyo mata da fuskar kwamfuta, ya bi layi-layi da bayan biro.

“Dakta, ga na Habasha nan, shi ya fi sauƙi. Ga na Turkiyya, ga na Maroko. Na Faransa kam ya yi sama.”

Mutumin bai yi mata mugunta ba. Shawarar da zai ba mahaifiyarsa ya ba ta. Ita ma tunaninta mai kyau ne: kuɗin aiki ne, amana ce, gara a rage ɓarna, abin da ya saura a sayi man babur na masu kamo sauro a ƙauyuka. Sai ta zaɓi mai araha. Ta je, ta gabatar da aikinta, ta dawo, ta haɗa rasit da guntayen katin shiga jirgi ta tura. Bayan makonni amsa ta zo daga ofishin kuɗi na can: ba za a iya biyan kuɗin jirgi daga asusun tallafin ba.

Dalilin yana kan tikitin, a wurin da ido ba ya tsayawa. Kowace lambar jirgi tana farawa da haruffa biyu masu nuna kamfanin da ya sayar da kujerar da sunansa. ET na Ethiopian ne, TK na Turkish, AT na Royal Air Maroc, AF na Air France, SN na Brussels Airlines, QC na Camair-Co. Na Amurka kuwa su ne DL na Delta, UA na United, AA na American. Manyan kamfanoni suna da ƙawance a tsakaninsu, inda ɗaya zai sayar da kujera a jirgin ɗaya amma da lambarsa. Delta yana rukuni ɗaya da Air France da Kenya Airways, United yana tare da Brussels da Ethiopian da Turkish, American kuma ya samu Royal Air Maroc a rukuninsa tun 2020. A idon dokar, in tikiti ya fito da lambar kamfanin Amurka, to jirgin Amurka aka hau, ko da matuƙi da ma'aikata da abincin cikinsa duk na wata ƙasa ne. Saboda haka mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa a jirgi ɗaya, su sauka a minti ɗaya, a mayar wa ɗaya kuɗinsa a hana ɗaya. Kamar buhun masara ne da aka ɗura daga rumbu ɗaya, mai tambarin ɗan kwangila a karɓa, wanda babu tambari a mayar da shi.

Dokar ba ta rasa ƙofofin fita ba, kuma ya kamata duk mai wannan harka ya haddace su. Inda babu jirgin Amurka sam, kamar daga Garwa zuwa Yawunde, ana hawa wanda ake da shi, amma sai dai ya kai mutum mahaɗa mafi kusa inda zai tarar da na Amurka. In bin jirgin Amurka zai ƙara tsawon tafiya da awa shida ko fiye, ko ya sa a yi zaman jira na awa huɗu ko fiye a wani filin jirgi na ƙasar waje, ko ya ƙara yawan canjin jirgi sau biyu ko fiye a wajen Amurka, an yarda a kauce. Akwai uzurin rashin lafiya, akwai na barazanar tsaro. Kowanne sai da takardar shaida da aka cike aka sa wa hannu, kuma hikima ita ce a ɗauki hoton jadawalin jirage a ranar sayen tikiti, domin bayan wata biyu babu mai iya nuna abin da kwamfuta ta nuna a ranar. Abu ɗaya da dokar ta fito fili ta ce ba uzuri ba ne shi ne araha. Ko tikitin ɗaya kamfanin rabin kuɗi ne, ba a duba wannan.

A nan ne nake ganin dokar ta yi karo da tarbiyyar ma'aikacin kirki. An horar da shi ya tattala dukiyar jama'a, sai ga ƙa'idar da ke hukunta shi don ya tattala.

Babbar ƙofa ita ce ta Turai. Amurka ta ƙulla yarjejeniyar buɗe sararin sama da ƙasashe fiye da ɗari, ciki har da Najeriya a 2000 da Kamaru a 2006. Sai dai huɗu kacal daga cikin waɗannan yarjejeniyoyi suka ƙunshi izinin ɗaukar fasinjan da gwamnatin Amurka ke biya wa: ta Tarayyar Turai, wadda aka sa wa hannu a 2007 ta fara aiki a 2008, da ta Suwizalan, da ta Ostireliya, da ta Japan. Ta Turai ce mafi faɗi, domin ta ba jiragen ƙasashen tarayyar dama su ɗauki irin wannan fasinja daga Amurka zuwa wata ƙasa, ko ma tsakanin ƙasashe biyu da babu Amurka a cikinsu. Ingila ta fice daga wannan alfarma da shigowar 2021, bayan ta bar tarayyar. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki.

Duba abin da wannan ya haifar a Kamaru. Hanya mafi tsabta ga malamar nan, wadda babu akantan da zai ɗaga mata gira, ita ce Yawunde zuwa Paris a Air France, ko Duwala zuwa Brussels. Wato dokar da aka yi don kare kamfanonin Amurka, da ta iso bakin kogin Binuwai sai ta zama mai tura ciniki ga kamfanonin Faransa da Beljiyam. A gefe guda kuma ga kamfanin jirage na ASKY da ke tattaro fasinjan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya zuwa Lome, inda Ethiopian ya buɗe hanya kai-tsaye zuwa Newark ta Amurka a 2016. A taswira wannan ta fi ma'ana ga mutumin Duwala fiye da ya haura Turai ya sake gangarowa. Amma in lambar ba ta Amurka ba ce, sai an nemo mata hujja. Ƙananan kamfanoninmu kuwa ko shiga layin ba su yi ba, domin kafin kamfanin Amurka ya ɗora lambarsa a jirgin wani, sai hukumar sufurin sama ta Amurka ta tantance ƙasar ta ba ta matsayi na ɗaya.

Wani abin dariya a gefe. A Oktoba 2015 Shugaba Barack Obama ya sanar da tura sojoji kimanin 300 zuwa Kamaru don taimakawa a yaƙi da Boko Haram, kuma a Garwa aka girke su da jiragensu marasa matuƙa. Ke nan jiragen Amurka sun tashi daga Garwa, sai dai ba masu kujera ba ne. Kuma in kuɗin bincike daga ma'aikatar tsaron Amurka ya fito, kamar yadda yakan faru a wasu ayyukan cututtuka masu yaɗuwa, ƙofar Turai ma a rufe take. Wanda ya saba da Air France a aikin bara, in bai tambayi tushen kuɗin bana ba, sai ya faɗa rami.

Duk wannan a kan tsallaka teku ne. Ɗan arewa kuwa wahalarsa tana farawa tun kafin ya ga teku. Camair-Co, wanda ya fara tashi a Maris 2011 bayan mutuwar tsohon kamfanin ƙasa a 2008, shi ne ke haɗa Garwa da Marwa da Ngaundare da kudu. Fasinjojin arewa sun saba da canjin jadawali, ga kuma hazon hunturu da kan hana jirgi sauka. Wanda ba ya son caca sai ya bi ƙasa: mota daga Garwa, a hau gangaren dutsen nan mai kwana-kwana kafin Ngaundare, a kama jirgin ƙasa na yamma, a kwana ana tafe fiye da kilomita 600, gari ya waye a Yawunde. Mutanen Marwa a da sukan gwammace su tsallaka Kuseri su tashi daga Njamena, har sace wani iyali na Faransawa kusa da Dabanga a Fabrairu 2013 da abin da ya biyo baya suka sa wannan hanya ta zama ta taka-tsantsan.

Matsalar ita ce tikitin cikin gida daban, na waje daban. In na farko ya makara, na biyu ba ya jira kuma babu mai ɗaukar alhaki. Mutum yana tsaye a filin jirgin Nsimalen na Yawunde da akwati, jirgin Paris ya tafi, jawabinsa jibi ne da safe. Abin da ya rage a daren shi ne kujera ɗaya ta Istanbul ko ta Addis Ababa. Wa zai tsaya lissafin awa shida da awa huɗu a wannan hali? Dokar ta yi tanadi ga wanda kamfanin Amurka da kansa ya sauya wa jirgi ba da son ransa ba. Ba ta yi tunanin wanda hazo ya tsare a Garwa ba.

Sannan ga batun da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba, wato tsarin “saya a mayar maka”. A jami'ar Amurka farfesa yana da katin ofis, ko sakatariya ta kira kamfanin da ke yi musu tikiti, wanda kwamfutarsa ma takan nuna jiragen da suka dace da dokar. A nan kuwa malami ne zai nemo kuɗin daga aljihunsa, kuma tikitin Amurka ya fi ƙarfin albashin wata guda nesa ba kusa ba. Sai a ɗauki adashi, a ranta wajen ɗan'uwa ɗan kasuwa, wani ya sayar da sa. In an mayar da wuri, alhamdu lillahi. In aka ƙi, bashi ne na gaske a wuyan mutum, ga kunya, domin ba zai iya bayyana wa wanda ya ranta masa cewa haruffa biyu ne suka cinye kuɗin ba. Mafi yawan jami'o'in can sukan iya rufe giɓin daga wani asusu da ba na gwamnati ba in babban mai binciken ya tsaya tsayin daka. Amma wannan alfarma ce, ba hakki ba, kuma ƙaramin abokin aiki da ke fatan a sake sa sunansa a tallafi na gaba ba ya son ya zama mai yawan ƙorafi. Haka mutum yakan haɗiye, shekara mai zuwa ya ce ba shi da lokacin zuwa taro. Sai a tashi a zauren taro a gabatar da sakamakon sauron Lagdo ko shanun Logon, wanda ya kwana a daji yana tattara su ba ya wurin.

Adalci dai shi ne a faɗi hujjar Amurkawa, kuma ba ta banza ba ce. Kuɗin harajinsu ne, suna so ya zagaya ya koma gida. Haka suka yi wa jiragen ruwa tun 1954, inda doka ta ce aƙalla rabin kayan gwamnati, har da abincin agaji, a ɗauke su a jiragen ruwa masu tutar Amurka. Kuma ba su kaɗai ke da wannan kishi ba. Ɗan Garwa ne, Shugaba Ahmadu Ahijo, ya fitar da Kamaru daga kamfanin haɗin gwiwa na Air Afrique a 1971 ya kafa Cameroon Airlines, don ƙasarsa ta ci moriyar fasinjanta. Indiya ta daɗe tana tilasta wa ma'aikatanta hawa Air India har aka sayar da shi ga kamfanin Tata a 2022. A Najeriya ministan sufurin sama Festus Keyamo ya fito yana neman a yi dokar da za ta sa duk tafiyar da gwamnati ta biya a yi ta a jiragen gida, har sunan ma daga ta Amurka aka aro shi. Wanda ya tafa wa Keyamo ba shi da bakin zagin Washington.

Abin da nake ƙi ba kishin ba ne, wanda aka ɗora wa nauyinsa ne. In ƙa'ida ta mai kuɗi ce, to hatsarin karya ta ya kamata ya zauna a wajen wanda ya san ta, yake da ofis guda na masu fassara ta. Maganin bai kai a kira taro a kansa ba. Jami'ar da ta karɓo tallafin ta sayi tikitin da kanta ta aiko, tun daga Garwa har inda za a je. In ba za ta yi ba, ta ba da kuɗin tun kafin tafiya, tare da shafi guda da Faransanci mai cewa ga jiragen da za a hau, ga waɗanda sai an tambaya. Shi kuma mai bincike, kafin ya taka shagon tikiti, tambaya biyu zai aika a rubuce: daga wace hukuma kuɗin nan ya fito, kuma kun amince da wannan jadawali? Amsar da aka rubuta ita ce garkuwarsa. Akwai abokan aiki na can da suke yin haka tun tuni, kuma ba a jin kukan mutanensu.

Ba kowane kuɗin waje ne ke zuwa da wannan sharaɗi ba. Tallafin gidauniyoyi masu zaman kansu, ko da na Amurka ne, dokar ba ta shafe su ba, haka na Tarayyar Turai da na Faransa da ke da dogon tarihi a binciken auduga da hatsi na yankin. Wannan ma wani ruɗani ne, domin cibiya ɗaya tana iya riƙe ayyuka uku masu ƙa'idoji uku, akanta ɗaya ne kuma ke kula da su.

Shekarar 2025 ta sauya lissafin gaba ɗaya. A ranar 20 ga Janairu Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, a farkon Yuli kuma aka rufe hukumar USAID aka mayar da abin da ya rage na aikinta ma'aikatar harkokin waje. Masu bincike da yawa yanzu ba jirgin da za su hau ne damuwarsu ba, albashin masu tattara bayanai ne. A watan Mayu hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta sanar da cewa ta daina tsarin da jami'ar Amurka ke karɓar kuɗi ta yanka wa abokiyar aikinta ta ƙasar waje, za a koma tsarin da cibiyar waje za ta riƙe kasonta ta kuma yi wa hukumar bayani da kanta. Ga cibiyoyin arewacin Kamaru da za su iya shiga wannan sabon tsari, hakan na nufin babu sauran ofishin kuɗi a Ohio ko Atlanta da zai tace rasit kafin ya kai gaban gwamnati, babu kuma wani asusun gefe da za a rufe kuskure da shi. Akantan da ke zaune a Garwa ko Ngaundare shi ne zai duba tikitin, shi ne zai san bambancin ET da UA, kuma in masu binciken kuɗi suka zo suka ce a mayar, daga asusun cibiyarsa za a cire.